Ranar da Na Juya Wuƙaƙen Baba Tanko

Kai mai jar hula, na ji abin da ka ce, kada ka ɗauka kunnena ya tsufa. Wai ɗaura wa motokultar, ɗan injin nan mai hannuwa, wuƙaƙen noma ba aiki ba ne, ƙusa biyu ce, a zare a mayar. To madalla da gwani. Ku ajiye wayoyin portabul ɗin nan ku matso, tunda yau Allah bai kawo aiki ba. Gaskiyarka, ƙusa biyu ce. Ni ma na taɓa zare su na mayar kafin mutum ya ƙare alwala, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikina na fari a rumfar nan zuga ne. Lokacin ba garaji ba ce, maƙera ce, ta Baba Tanko. Inda kuka jibge tsoffin batura nan murhu yake, uwar maƙera kuma tana daidai inda wannan malalacin ya miƙe ƙafa. Ubana ya kawo ni ya ce, "Ga shi nan, Tanko, in ya ƙi ji ka san abin yi." Na daɗe ina danna zuga-zugi kafin a yarda in taɓa awartaki, guduma kuwa sai da gemu ya fara tsiro mini. Baba ba ya koyarwa da baki. Ka ƙera hauya ka kai masa, ya juya ta sau ɗaya, ya jefa cikin tarin ƙarafa, ya ci gaba da hirarsa. Ba zai ce maka ga inda ka ɓata ba. Kai za ka tsugunna ka ɗauko tasa ka ɗauko taka, ka yi ta dubawa har idonka ya gane.

Hauyar da ya fara karɓa daga hannuna ta wani mai garka ce, mai noman rani a bakin kori, rafin nan da ke kawo ruwa da damina. Baba ya saka mata ƙota, ya miƙa wa mutumin ya ce ya sari ƙasa. Mutumin ya sara ya jawo, ƙasa ta biyo shi ba gardama. Ranar ce kaɗai na ji Baba ya yi bayani. Ya ce duk abin da maƙeri zai yi don ƙasa, bakinsa mai riƙe da shi yake duba, domin mutum wajen kansa yake jawowa, ba ya turawa gaba. Ya gyara mini karkatar bakin da bugu ɗaya, ya ce in tafi in sayo masa goro. A kan wannan magana ya yi rayuwarsa duka, kuma daga nan har cikin duwatsu babu mai garkar da ya taɓa dawo masa da hauya.

Shi da kansa ya tura ni koyon inji, wannan ku riƙe shi. Da motopompi, injin ban ruwa, ya fara shiga garake, aka fara sallamar shanu da raƙuman jan ruwa, Baba ya duba ya ce, "Manu, ƙarfen da ke shan mai ya zo, ni kuwa ban san yarensa ba. Tafi ka koyo mana." Ya haɗa ni da wani amininsa mai gyaran injuna a Cirozerin, can wajen Anu Araren. Da na dawo sai muka raba aiki ba tare da an zauna an raba ba: abin da ke shan mai nawa, abin da ke shiga wuta nasa. Amma rumfa tasa ce. Ko motopompi mutum ya kawo, Baba zai fara gaisarwa, Baba ya tambaye shi gida da ƴaƴa, sannan ya nuna ni da haɓa. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa, kullum haka ne, kuma ban taɓa jin ciwon abin ba.

Wani motopompi da ba na mantawa, a cikin buhu aka kawo shi, bulon ɗinsa kuma, ƙusoshin nan na murɗawa, cikin gwangwanin tumatir. Mai shi ya rantse mini babu wanda ya taɓa shi, jiya ma lafiya lau yake. Ku da kuke cewa aiki da sauƙi, masu kawo aiki za ku fara koya kafin inji. Akwai wanda ya riga ya kwance shi a gida ya kasa mayarwa. Akwai mai tsaya maka bisa kai yana ba ka shawara har numfashinsa na dukan ƙeyarka. Akwai wanda zai ce ka yi masa dabara kawai ya kai ƙarshen rani, ya dawo baɗi ya ce dabararka ba ta da kyau. Kuma lokacin ina piyes, ina kayan gyara? Ba a shiga kanti a ce ba ni kaza. Juwan, ɗan faifan nan da ke hana mai yoyo, daga kwalin shayi nake yanka shi. Bulon in ya cinye, magagari za ka sa ka fitar masa da sabon kai. Kile ta kwance bulon ɗaya muke da ita mai kyau, ita ma da igiya na ɗaure ta a ƙugu saboda masu aro. Ku yanzu akwati guda gare ku, amma kullum sai na tsinto muku rabi cikin rairayi.

Sai muguwar shekara ta zo. Motocin masu yawon buɗe ido, da muke ɗan samun gyaran su, sun riga sun ɗauke ƙafa. Samari duk sun watse wajen haƙar zinariya, garake ba hannu. Sannan da damina kori ya cika ya fasa, ya bi garaken bakinsa ya shafe fangali da magudanai, ya cike rijiyoyi, ya bar laka mai kauri a kan komai. Da rana ta buge ta sai ta bushe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Mu nan sai mu buɗe rumfa mu share, mu zauna muna kallon hanya. Ni da sauƙi, nakan ɗan samu keke ko fitila. Baba kuwa wutarsa ta yi ta kwana a mace, ga hauyoyin kanti masu araha sun shigo, ga idonsa ya fara yin hazo. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai ya koma shiru, yana zaune yana murza carbi.

Cikin wannan hali Attahiru ya iso da amalanken jaki. Attahiru mai garka ne a bakin kori, arewa da gari, tsohon mai sayen hauyar Baba. A kan amalanken akwai wani tsohon motokultar, ja ne a da, tsatsa ta cinye launin. Wani furoje ne na taimakon manoma ya bari tun zamanin ubansa, suna jan ƴar tirela da shi har ya mutu aka jefa shi zaure kaji na kwana a kai. Ƙafafu biyu ne da hannuwa, babu abin noma ko ɗaya. Attahiru ya ce ƴaƴansa maza sun tafi, shi kaɗai ba zai iya fasa lakar nan da hauya ba kafin lokacin dashen albasa ya wuce, in kuwa ya wuce to bana gidansa babu abin ci. Ya ce ya ji ana ɗaura wa irin wannan wuƙaƙe ya yi kaftu. Ban ma buɗe baki ba Baba ya miƙe. Ya ce, "Manu zai tada shi, ni zan yi masa baki."

Tada injin bai ba ni wuya sosai ba, tsoffin nan ba su da wayo, in sun sami wuta da isansi, wato fetur, sai su tashi. Aikin yana wajen Baba. Ku dubi motokultar ɗin da ke gabanku. Ana cire ƙafafun, a zura bututu biyu a kan sandar da suke juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da ƙusarsa mai riƙe shi. A jikin bututun ake ɗaure wuƙaƙe. Ku yau sai a kawo muku su a kwali da fenti. Baba lam ɗin kamyo ya samo, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗaukar nauyin babbar mota. Ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya gasa, ya lanƙwasa kowace bisa uwar maƙera, wata ta karkata dama wata hagu don kada su bar tsiri a tsakani. Ya fitar musu da baki gefe ɗaya. Bai kashe su cikin ruwa ba, ya ce za su yi tsauri su karye in sun haɗu da dutse, cikin baƙin man inji ya tsoma su, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Da ido mai hazo ya yi wannan, yana shafawa da yatsa, amma in ka ɗora ɗaya bisa ɗaya ko iska ba ta wucewa. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba. Kuma tsohon ya farfaɗo, yana bugu yana ƴar waƙa, yana zagin makwabta kamar da. Da ya gama ya naɗe bututun biyu cikin buhu, ya ce ba mai ɗaura su sai shi, a garka, gaban mai abu.

Muka isa garka da hantsi muka tarar da taro. Duk masu garaken da ke kusa sun zo, don kowa lakar nan ce a gabansa, kowa na so ya ga ko abin zai yi. Attahiru ya riga ya ɗan sakar wa filin ruwa ya yi laushi. Ƙarƙashin wata bishiya kuma ga buhuna jiƙaƙƙu: irin albasa ne da ya sayo daga cikin duwatsu, an riga an tuge shi, don ya gaskata da mu. Wanda ya san albasa ya san iri in an tuge shi ba ya jira.

Baba ya tsugunna ya kwance buhunsa, mutane na ta "Masha Allah, Baba Tanko, hannu bai tsufa ba." Ya tsaya bayan injin inda mai tuƙi ke tsayawa, ya dubi wuƙaƙen da ke sama, ya zura bututun yadda bakinsu zai dubi mai riƙe da hannuwa. Ya buga ƙusoshi. Ni kuwa ina gani na gane a juye suke. Abin nan juyawa yake kamar ƙafar mota: wuƙar da ke sama gaba take tafiya, ta faɗa ƙasa ta gaba. Ke nan ta sama gaba ya kamata bakinta ya duba. Yadda ya ɗaura su, da ƙeya za su riƙa dukan ƙasa. Hauya ya gani a ransa, ya yi mata abin da ya yi wa kowace hauya.

Na durƙusa kusa da shi kamar ina duba mai, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, ko mu gwada na dama a hagu?"

Da ya ji a hankali ya amsa a hankali, da shi ke nan. Amma kunnensa ma ya yi nauyi, kuma yana cikin farin ciki. Ya ɗaga murya yana dariya ya ce, "Ku ji mini Manu! Tun ba a haife ka ba nake yi wa ƙasa baki. Baki mai shi yake duba. Tada injinka kawai."

Aka yi dariya, wani ya ce, "Faɗa masa, Baba." To magana ta fita gaban jama'a, ta zama maganarsa. Na ja igiya inji ya tashi, Attahiru ya kama hannuwa. Abu ya fara tsalle bisa laka yana fizgarsa, yana ƙwanƙwasar ƙasa yana wucewa, ko zurfin yatsa bai shiga ba. Ya ja shi har cikin shinge. Baba ya dubi wuƙaƙensa ya ga ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba, ya juyo ya ce, "Manu, injinka ba shi da ƙarfi."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na shimfiɗa buhu na kwance karbiratar da babu abin da ya same ta. Na wanke, na hura, na mayar. Na goge buji mai ba inji wuta. Aka gwada, tsalle. Na sake kwancewa. Haka na wuni ina wasa da hankalin bayin Allah, ina roƙon Allah ya sa tsohon ya duba da kansa ya gane, ya ce shi ya ga dama a juya. Mutane suka fara cewa ashe Manu sunan ne kawai, ya je Cirozerin ya ci tuwo ya dawo. Wannan bai dame ni ba, da a kaina abin zai tsaya da na ɗauka da murna.

Washegari muka koma. Na yi niyyar in juya su in babu kowa, amma ina! Baba ya kafa tabarmarsa jikin injin, ko salla nan yake yi. Na ce masa buji ya mutu, ko zai taimaka ya shiga gari ya karɓo wani wajen abokinsa. Ya ce, "Ni da tsufana? Kai ka tafi, ni ina gadin wuƙaƙena." Ko da ya tafi ma, mutumin da ya san kowace wuƙa da yatsa, da ya dawo zai gane. Na rasa ta inda zan ɓullo. Attahiru kuwa yana ta zarya tsakanin rijiya da bishiya yana yayyafa wa buhuna ruwa. Da ya buɗe ɗaya na hango ganyen ya yi rawaya ya kwanta, na ƙasa har ya fara wari. Matarsa ta kawo mana abinci, ta dubi buhunan, ta dube ni, ta ajiye kwano ta koma. Na kasa kai loma baki.

Bayan azahar Attahiru ya zo ya tsaya kaina. Mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Amma kowa na ji. Ya ce, "Manu, tun jiya nake kallon hannunka. Abu ɗaya kake kwancewa kana mayarwa, kuma ba ka duban sa. Don girman Allah, ka san abin da ke damun injin nan ko ba ka sani ba? In ba ka sani ba ka faɗa mini in ɗauki hauya in ceci abin da zan iya."

Ya haɗa ni da Allah, ga abincin gidansa na ruɓewa cikin buhu. Na ce, "Na sani."

Ban dubi inda Baba yake ba. Na jingine injin bisa dutse, na zare ƙusa ta dama, na zare ta hagu, na kai wannan bututu can na kawo wancan nan, na mayar da ƙusoshi. Ga aikin naka mai sauƙi, kai mai jar hula. Na ja igiya. Wuƙaƙen suka nutse cikin laka, injin ya daina tsalle ya kwantar da murya, ƙasa na fitowa ta baya a marmashe, baƙa, mai taushi. Attahiru ya kai ƙarshen fili ya juyo yana dariya yana hawaye.

Wuri ya kaure. Da ma sun yi shiru! Amma mutane ba su da linzami in sun ji daɗi. "Manu gwani!" "Ashe a juye suke!" "Tun jiya fa ya faɗa, aka ƙi ji!" Wani har ya ɗaga hannuna sama. Babu wanda ya yi nufin cin fuska, babu kuma wanda ya tuna cewa wuƙaƙen da ke yanka lakar nan kamar sabulu ba ni na ƙera su ba. Na yi ta cewa aikin Baba ne, aikin Baba ne, ƙarar inji ta shanye maganata. Kowa ya gaya mini daga baya ban yi laifi ba, liman ma ya gaya mini. Na sani. Amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, tsaye ana yabona, wanda ya koya mini riƙon guduma yana zaune bisa tabarma a bayana.

Da na samu na waiwaya, ya taso. Ya bi layin da injin ya nome, ya tsugunna ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa. Ya sa aka kashe injin, ya shafa wuƙar sama da yatsa, ya juya bututun a hankali da hannu yana bin ta har ta taɓa ƙasa. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Tun jiya ka gani?"

Na ce, "E, Baba."

Ya gyaɗa kai ya koma tabarmarsa.

Kafin la'asar sakaliya an fara jan fangali, mata da makwabta sun duƙa dashe. An yi asarar wani abu cikin irin, amma mafi yawa ya kama. Attahiru ya hura gawayi ya dafa shayi da kansa. Ya zuba finjali na fari, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, yadda ake yi wa babba a kowane zama. Baba bai karɓa ba. Ya nuna ni ya ce, "Ba maigida."

Na ce, "Haba Baba, don Allah."

Ya ce, "Karɓi. Hannun mutum na ƙonewa."

Babu fushi a muryarsa, babu gatse, da akwai da na ji sauƙi. Na karɓa na sha gaban kowa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da safe na riga shi zuwa rumfa, na share, na hura masa wuta da kaina kamar lokacin ina yaro, don masu garake uku sun ce su ma a yi musu irin wuƙaƙen. Ya iso da sandarsa, ya yi sallama, ya wuce uwar maƙera bai dube ta ba, ya zauna bisa bencin masu jiran aiki. Ya ce, "Maigida, me za a yi yau?"

Ya yi shekaru bayan haka yana zuwa kullum, kuma har Allah ya karɓi ransa bai sake ce mini Manu ba.